Gilashin Ƙofar Inna

Zuwa ga Yaya Garba, a Kandi ko Malanbil ko duk inda kake a ƙasar Binin.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda ƙanwa ke yi wa babban wa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalin da aka ce kana da su, waɗanda ban san sunan ko ɗaya ba. Ni ce Kulu. Ina faɗa, 'yata Hadiza tana rubutawa, kuma a shafinta na intanet za ta saka tunda ba ka bar mana adireshi ba. 'Yan kasuwar Tsamiya masu tsallaka iyaka, duk wanda ya san mai gyaran rediyo ɗan Bagudo mai tabo a gira, don Allah ya karanta masa.

Na gama gaisuwa. Yanzu ka gyara zama, domin fushi nake yi da kai, shekara talatin da ɗoriya ke nan.

Makon jiya Hadiza ta nuna min wani shago a wayarta. Ƙofar gilashi ce, ana hango kayan ciki, ga kuma hoton wata mata a jikin gilashin tana tsaye kamar da rai. Hadiza sai mamaki take, wai Turawa sun kai. Na ce mata kawunki ya yi wannan a bayan ɗakin Inna da fitilar babur, tun ba a haife ta ba. Dariya ta yi min, Yaya. Ba ni da abin da zan nuna mata, saboda ka kwashe komai.

Ka tuna Inna ba ta son hoto. Sau ɗaya tak ta tsaya gaban Oga Sande, Inyamurin nan mai hoto na bakin tasha, shi ma don katin ƙungiyar mata manoma ne. Katin gara ta cinye shi. Da ta rasu, kai ka je ka sa shi ya zazzage kwalayensa har ya samo fim ɗin. Ya ce bari ya wanke mana a takarda, kowa ya samu. Ka ƙi. Kai mai basira, takarda ta yi maka kaɗan. So kake Inna ta tsaya da tsawonta. Ya juya maka shi a wani ɗan fim mai fitar da fuska daidai, ya ba ka idon tsohuwar kyamararsa, ka haɗa da akwatin katako da batir.

Bango ma ka raina shi. Ka ce bango na masu majigin gwamnati ne. Ka samo wani dogon gilashi daga rusasshen kanti, ka haska, hasken ya wuce abinsa. Sai ka ɗebo yashin bakin kogin Kwara kana gogawa. Ka goga da yawa ya dushe, ka sake samo wani. Ni ce mai riƙewa, ni ce mai zuba ruwa. Tabon yankan yana nan a babban yatsana. Ranar da ka dace, na ga Inna da ɗankwalinta mai ɗigo-ɗigo, ga turminta ana hangowa ta bayanta. Na yi kuka ka ce in yi shiru kada a ji.

Na ce maka mu faɗa wa Baba tukuna. Sau uku na faɗa. Ka ce, “Ke mi kika sani? Bari shi gani da idonai.”

Sai ka zaɓi ranar da rediyo ta ce an ba mu jiharmu ta Kebbi. Gari ya rikice, babura sai hon suke, har mutanen Kende sun shigo da kalangu. Ka ce yau ranar farin ciki ce, yau za ka yi wa Baba kyauta. Ka kafa gilashin a ƙofar ɗakin Inna, ɗakin da ba a buɗe ba tun arba'in ɗinta, ka ɓuya a ciki da akwatinka.

Wane irin tunani ne wannan, Yaya? Dattijo ya dawo daga sallar magariba, carbi a hannu, ya shigo gidansa, ya tarar da matar da ya binne da hannunsa wata biyar da suka wuce tana tsaye a ƙofarta tana kallonsa. Kai ba ka ga fuskarsa ba, kana can ciki kana jiran yabo. Ni na gani. Sai da ya kira ta. Ya ce, “Hajo?” Ya taka biyu zai isa gare ta, sannan ya ji tarinka.

Ya ɗaga sanda ya fasa gilashin. Ya mare ka gaban maƙwabta. Na yarda marin ya yi zafi. Amma mari ɗaya ne, daga ubanka, bayan ka tsinka masa zuciya. A kan wannan ka haɗa akwati ranar kasuwa ka tsallake iyaka. Ka tafi, ai ƙafarka ce. Abin da ban yafe ba shi ne fim ɗin. Na je wurin Oga Sande ya ce duka biyun ya ba ka, bai rage komai ba. Inna ba taka ce kai kaɗai ba. Ni ma ita ta haife ni, kuma shekarata goma sha uku lokacin.

Ga abin da ba ka sani ba, tunda ko jana'izar Baba ba ka zo ba. Washegarin tafiyarka na ɗauki tsintsiya zan share fasassun gilashin, Baba ya hana. Shi ya tsince su ɗaya bayan ɗaya ya zuba a tsohuwar kwallar Inna. Lokaci-lokaci yakan ɗauki babban ɓallin ya ɗaga wa rana yana juyawa. Ya ɗauka ko da saura a ciki.

Ka san kai ɗan fari ne, Baba bai taɓa kama sunanka ba. “Wancan” yake cewa, ko “yaron ga.” A ciwon ajalinsa, da hantsi, ina ba shi kunu, ya ture kofin ya ce, “Ku ce ma Garba shi zo shi ƙara kunna mani ita. Ba ni fasawa.” Karo na farko ke nan da na ji sunanka a bakinsa. Mun aika direbobi biyu, aka ce ka bar Kandi. Ya kwana tara yana kallon ƙofa.

Ba don in sa ka kuka na faɗa ba, ko da yake in ka yi ban damu ba.

Dalilin wasiƙar ga shi. Likitan ido a Birnin Kebbi ya ce hawan jinin ido gare ni. Na hagu ya riga ya tafi, na dama yana bi, kuma ba irin wanda ake yi wa aiki ya dawo ba ne. Matar nan ta wayar Hadiza ma sai da na kai ta dab da hancina. Fuskar Inna kuma ta fara ɓace min. Ina tuna ɗankwalin, ina tuna muryarta in tana kiran kaji, amma in na nemi idanunta ba na samu.

Dā na sha cewa girman kai ne ya sa ka ƙi takarda. Yanzu ƙaramin hoto ba zai yi min amfani ba. Irin naka nake bukata, babba, mai haske, da tsawonta. Kai kaɗai ka iya, ɗan'uwana. Na sa an sayo gilashi, yana jingine a ɗakina, Hadiza ta ɗebo yashi. Ba sai ka ba kowa haƙuri ba, waɗanda za ka ba duk sun tafi. Hannuna yana iya riƙewa har yanzu.

Allah Ya jiƙan Inna da Baba, Ya haskaka kabarinsu. Allah Ya sa wasiƙar nan ta same ka da rai, Ya sa fim ɗin bai lalace ba, Ya tausasa wannan taurin kan naka. Amin.

Ka zo tun ina gani, Yaya.

Ƙanwarka,
Kulu, Bagudo.