Akwatin da Ɗanjuma Ya Fafe

Daren Laraba, watan Rajab, Kontagora.

Yau na ci amanar Ɗanjuma, kuma ko baki ban buɗe ba.

Shekara shida yana aikin kafinta a ƙarƙashina, mutum ne mai kunyar tsiya, gaisuwa ma da ƙyar take fita. Makon jiya ya ja ni gefe ya nuna mini wani akwati da ya fafe gindinsa kamar ƙwarya, don gammo ya zauna daidai. Ya ce tausayin 'yan dako yake ji, masu ɗaukar kayan Joji, Baturen mulki, zuwa Ibeto lokacin rangadi. Na ce masa, "Wallahi ka yi tunani. Kawo shi, ina bayanka."

Yau da hantsi Baturen ayyuka ya zo duba aikinmu. Ya juya akwatin, ya tambaya wa ya ɓata katako. Sauran kafintoci suka kwashe da dariya. Ɗanjuma bai kalli kowa ba sai ni. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina ta gyara zarton da ba abin da ya same shi. Tsoron me? Kada a haɗa da ni a dariyar, shi ke nan.

Bayan azahar na tarar yana buga wa gindin katako, zai rufe ramin. Na ce ya dakata. Ya ce, "A'a, Maigida, yadda aka saba zan riƙa yi."

Da kowa ya watse, na ɓamɓare katakon, na naɗa gammo, na ɗora akwatin a kaina. Na zaga rumfar aikinmu sau uku ban sa hannu ba. Akwatin ko motsi bai yi ba.