Sai Uwargida Eulalie Ta Ɗaga Hankici

Cikin alhinin da ya shiga kowane gida a unguwar Treme ta birnin New Orleans, Ƙungiyar Taimakon Juna ta Masu Farar Lema ta sami labarin rasuwar dattijonta, uban makaɗanta kuma babban mai busa ƙahonta, Mista Alcide Fontenette, wanda yaro da babba ke kira Baba Sid.

Marigayin ya tsufa yana busa ƙahon kiɗan jaz a gidajen rawa da bakin titi, amma hidimar da ta fi zama a zukatanmu ita ce rakiyar gawa. 'Yan badujalarmu kan bi akwati da taken baƙin ciki, sannu a hankali, sai an sallami mamaci sannan a juya kiɗa, jama'a su buɗe lema su kama rawa. Baba Sid ne mai juya kiɗan, kuma bai taɓa juya shi ba sai ya dubi fuskar wadda aka yi wa rashi ya ga ta shirya.

Mun sha yi masa gunaguni a kan haka. Ranar jana'izar wani matashi, Baba Sid ya shanya mu a rana har takalma suka fara cizo, mai babbar ganga yana ta harararsa, shi kuwa ko a jikinsa, domin uwar yaron ba ta ɗauke hannu daga akwatin ba. Da muka tasa shi gaba wajen cin wake da shinkafa, sai ya ce mu ƙafafu muka kawo, ita kuwa ɗa ta kawo. Yau ga shi babu mai duba mana fuska, kuma abin yana yi mana ciwo.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga mai ɗakinsa, Uwargida Eulalie Fontenette, da 'ya'ya da jikoki, tana roƙon Allah Ya ba shi hutawa, su kuma Ya ba su ƙarfin zuciyar ɗaukar wannan rashi.

Ranar Asabar za mu raka shi daga coci. Uwargida Eulalie za ta riƙe farin hankicin da yake goge ƙahonsa, kuma muna roƙon jama'a kada a buɗe lema, kada a taka rawa, sai ta ɗaga shi. Idan rana ta faɗi ba ta ɗaga ba, da taken baƙin ciki za mu raka ta gida.

Sa hannu:
Thaddeus Duplessis
Kakakin Ƙungiyar Taimakon Juna ta Masu Farar Lema