Inda Sara Biyar Ke Haɗuwa

Litinin, 5 Maris 1979
Wasiƙar Lawali ta zo daga Faransa. Sunan ɗan fari ba ya fita bakina, amma takarda ba ta da kunya. Kwana biyu ina haɗa baƙaƙen ni kaɗai.

Wai yana koya wa na'ura zana jikin mota. Hanya biyu ce. Mushensa, wato shugabansa a wurin aiki, yana son a tanƙwara layuka kamar sandunan bukka, a ɗinke su ƙyalle-ƙyalle. Shi kuwa ya ce a fara da gungume, a yi ta sare kusurwa har ya yi sumul. In bai nuna tasa ta fi ba kafin damina, za a sallamo shi.

Na roƙi Allah a sallamo shi. Allah ya yafe mini.

Juma'a, 16 Maris
Tarin Malam, maigidana, da jini yau. Sau biyu gizago ya faɗi daga hannunsa.

Asabar, 7 Afrilu
Na karanta wa Malam wasiƙar. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ashe sai a Faransa zai koyi sassaƙar ubansa."

Ya ce in rubuta: bukka daga ƙoli take yoyo, inda sanduna suka haɗu, akushi ba shi da ɗinki. Amma mai sara ya kula da gindi, inda sara biyar ke haɗuwa. Can ƙulu ke ɓuya, ido ba ya gani, sai tafin hannu.

"Habsatu, kada ki sa tarin nan a ciki."

Na ce to. Na rubuta tarin a wata takarda, na ɓoye cikin kwalla.

Laraba, 18 Afrilu
An kai Malam bayan la'asar. Har mutanen garin Kelle sun samu jana'iza.

Alhamis, 10 Mayu
Amsa ta zo. "Inna, gindin nan ne ya hana ni sakat, daidai inda Baba ya faɗa. Tambayo mini shi yaya yake yi."

Na ɗauko akushinsa na ƙarshe, na shafa. Shekara talatin ina kallon hannun nan: in ya iso wurin, ba ya sara kamar sauran, sai ya rage ƙarfi, ya bi kowane gefe daidai. Haka na rubuta. Na fara da "Babanka ya ce."

Takardar cikin kwalla kuwa, na hura wuta da ita. Ashana ce ta yi sanyi, shi ke nan. Rasuwar kuwa, sai bayan damina ya ji.