Garin Dogo da Garin Auta

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan ƙafa ta yi sauƙi. Uwar yara na gaishe ka, jikokinka kuma sun ce in tambaya ko da gaske ne bokitin wanka ne ya kayar da kai a kokawa. Na rubuto ne tunda ka ce waya ta zame maka azaba, kunnen ba ya kama magana.

Baba, abin da likita ya faɗa shi ne a bakina: zama kai kaɗai a gidan nan ya ƙare. Tun rasuwar Mama muke lallaɓa ka kana cewa sai gaba. Da maƙwabcinka tela bai ji ƙarar faɗuwar ba, Allah kaɗai ya san yadda za ta kaya.

Na san Auta za ta rubuto ta zuga maka garinsu, shi ya sa na riga ta. Gidanmu a tsakiyar gari yake, saman shagona na takalma. Kana buɗe taga duniya ce ke wucewa a ƙasanka: motocin haya, masu tura kaya, 'yan makaranta, da mai gyaran agogo da ke faɗa da mai jarida tun kafin in zo garin. Bayan tsohon gidan waya akwai fili mai bishiyoyi da benci, inda tsofaffi ke zama suna gyara duniya da baki. Babbar tashar bas ma tana kusa. Kai da ka ƙare ƙuruciyarka kana tuƙa bas, za ka samu direbobin da za ka yi ta kushe wa tuƙi.

Garin Auta kuwa na taɓa zuwa. Na yi atishawa a tsakiyar gari, gine-gine ne suka amsa min.

Ka huta lafiya.
Ɗanka, Dogo

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Baba, ya jiki? Ya ƙafar? Ina fata kana shan maganin bayan abinci kamar yadda na rubuta maka a jikin kwalin.

Na ji Yaya ya riga ni. Ina roƙon ka tambaye shi abu ɗaya: matakalar gidansa. Duhu gare ta, ga tsayi, ga shi babu abin riƙewa. Titin gabansa kuma mai lafiyar ƙafa ma sai ya yi addu'a kafin ya tsallaka.

Nan tsakiyar garinmu an shimfiɗa wa masu tafiya a ƙasa hanyarsu daban, mai faɗi, babu rami. Gidanmu akwai lif mai hawa da mutum sama, ba sai ka taka matakala ba. Asibitin da nake ba da magani yana ƙarshen layinmu, ko da wani abu ya taso, Allah ya kiyaye. Ga lambu mai ruwa na tsartuwa a tsakanin dogayen gine-ginen gilashi, ga jirgin ƙasa na cikin gari da ba ya makara. Da safe idan rana ta bugi gilasan nan, Baba, sai ka rantse zinare aka zuba musu.

Ɗakin baƙi yana nan a share, babu kowa. Maigidan ya yi tafiyar aiki, ba za ka takura kowa ba.

Allah ya ƙara sauƙi, ya bar mana kai.
'Yarka, Auta

Zuwa ga Dogo da Auta,

Wa alaikumus salam. Takarda ɗaya na rubuta, tela ya kai aka buga ta biyu, don kada wani ya ce an fi ba wani tawada.

Na karanta tallan kowa. Da na san dillalai na haifa, da tuni na ba ku tsohuwar motata kun sayar. Ni dai ban taɓa yarda da hanya ba sai na bi ta da kaina. Zan je wurin Dogo in yi 'yan kwanaki, in wuce wurin Auta in yi kamar haka, sannan in faɗi inda zan ajiye sandata. Kada wanda ya yi min gyaran gida na musamman. Yadda kuke zaune nake so in gani.

Dogo, ka faɗa wa jikokina bokitin ya sha da ƙyar.

Allah ya yi muku albarka.
Babanku

Zuwa ga Auta,

Bayan sallama da gaisuwa. Ina nan gidan yayanki, lafiya lau, kuma ina shan magani.

Gaskiyarki a kan matakala. Ranar da na iso, Dogo da yaron shagonsa suka ɗauke ni kamar buhu, ina ta zaginsu har muka kai sama. Titin ma haka yake: babu direban da ke kallon madubi. Amma ba zan ɓoye miki ba, garin nan ya shiga raina.

Da hantsi nakan sauka a hankali in je filin bayan gidan waya. Ranar farko ban gama zama ba wani tsoho mai gilashi ya matsa ya ce, “Baƙo ne?” Na ce eh. Ya ce, “To yanke mana hukunci, ni da wannan maƙaryacin.” Musu suke a kan wace shekara aka rushe tsohuwar gada. Ban san gadar ba, ban san shekarar ba, amma na ba mai gilashi gaskiya. Tun daga nan ɗayan ke kirana ɗan cin hanci, kuma shi ne yake saya min shayi.

Kin san abin mamaki? A nan kurumtata ba ta dame ni ba, don kowa ihu yake yi. Wanzami ihu, mai lemo ihu, kwandasta ihu. Na daɗe ban ji magana rangaɗau haka ba.

Gidan yayanki kuwa kasuwa ce ƙarama. Surukata ba ta zama, yara na hawa kaina, baƙi ba sa yankewa. Jiya na ƙirga kofuna a kan tebur na gaji.

Kada ki karaya, ban yanke hukunci ba. Ina tafe ƙarshen mako.

Babanki

Zuwa ga Dogo,

Bayan sallama. Ka gaida surukata da yaran, da mai gilashi idan ka bi ta fili.

Ƙanwarka ba ta yi ƙarya ba. Ban taɓa ganin titi irin na garin nan ba. Da a nan na yi aiki, da bayana bai lalace ba. Gine-ginen sai ka ɗaga kai har hula ta faɗi. Da safe mutane na ɓullowa daga tashar jirgi kamar an buɗe famfo, kowa da jaka, kowa na sauri, gine-ginen su haɗiye su. Da yamma su fito su koma unguwanninsu na bayan gari, shaguna su ja ƙofa. Kafin magariba tsakiyar gari ta zama ta masu gadi da tattabaru.

Na zauna a lambun da ta yi min talla. Benci mai kyau, ruwa na tashi. Na yi wa wani saurayi sallama, ya duba bayansa ya ga ko da wani nake, sannan ya miƙo min kuɗi. Na yi dariya har na yi tari.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Ta ce mijinta ya yi tafiyar aiki. To, mai tafiyar aiki yakan bar wani abu a baya. Babu takalminsa a bakin ƙofa, babu rigarsa ko ɗaya a wurin shanya, hoton aurensu da ke bangon falo saura ƙusa. Mai gadin gidan da na tambaya yaushe maigidan zai dawo, sai ya hau gyara hularsa yana kallon ƙasa.

Idan ta dawo daga asibiti takan dafa min abinci mai kyau, ita kuma ta tsaya a kicin ta ci burodi a tsaye. Ta rame, Dogo. Tana dariya da ni, amma da zarar ta juya baya kafaɗunta ke faɗuwa.

Kada ka kira ta, kada ka tambaye ta, kada kuma ka nemi mijin nata da faɗa, na san halinka. Ka bar ni da ita.

Babanka

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya kasuwa? Ka gaida Anti da yarana.

Na san Baba ya rubuto maka, don na ga lokacin da yake ba mai gadi ambulan yana waige-waige kamar ɓarawo. Gara ka ji daga bakina. Aurena ya mutu tun kafin Baba ya faɗi. Babu duka, babu zagi. Shekaru muna zuwa wurin likitoci a kan haihuwa, shi ya gaji, ni ma na gaji da ganin gajiyarsa. Ya ba ni takardata, ya kwashe kayansa. Na yi niyyar faɗa muku, sai ga maganar ƙafar Baba, na ce ba yanzu ba.

Shekaranjiya na dawo aiki na tarar ya jera faranti biyu a tebur. Ya ce, “Zauna.” Na ce na ƙoshi. Ya ce, “Ni ban iya cin abinci ana tsaye a kaina ba, ba fasinja ba ce ke.” Na zauna. Muna cikin ci, bai ko ɗago kai ba, ya ce, “Auta, tafiyar nan ta mijinki, mai dawowa ce?” Na ce, “A'a, Baba.” Ya gyaɗa kai ya ce, “To.” Sai ya tsame naman da ke farantinsa ya sa a nawa, yadda yake min ina ƙarama. Yaya, tun da abin ya faru ban yi kuka ba sai ranar. Bai ce in yi shiru ba. Ya bar ni na yi mai isata, yana ta bubbuga min hannu.

Ga roƙona. Ka zo ka ɗauke shi. Na karanta wasiƙar da ya rubuto min daga wurinka, na ga mutumin da ya dawo da rai. A nan wuni yake yi yana kallon titi ta taga, babu mai ce masa sannu. Jiya na same shi yana koya wa mai gadi yadda direba ke ba da hannu idan zai sha kwana, mutumin da ko keke ba shi da shi. Ka ci gasar, na sallama. Ka sa a kafa masa ƙarfen riƙewa a matakala, ka sa ƙwan fitila, ni zan riƙa zuwa ina duba shi. Ba na so ya ƙare kwanakinsa yana gadin baƙin cikina.

Ƙanwarka, Auta

Zuwa ga Auta,

Wa alaikis salam, ƙanwata.

Na karanta takardarki a shago, sai da na shiga bayan kwalaye na tsaya. Wani ya zo sayen takalmi na ba shi ƙafar hagu biyu.

Haushinki nake ji, ki sani. Watanni kina ɗauke da wannan ke kaɗai, ni kuma ina nan ina tsokanarki da zancen atishawa. Ni ne fa na goya ki zuwa makaranta ranar da kika ce takalminki na cizo. Me ya canja? Antinki ta yi kuka, ta ce in faɗa miki ɗakinki na nan ko da tsakar dare kika ga dama.

Shi kuma tsohon mijin naki, Baba ya hana ni magana. Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

Maƙeri ya zo ya auna matakala. Ranar hutu zan taho da mota in ɗauki Baba, kuma ke ma ki haɗa jaka ki biyo mu ko na 'yan kwanaki ne. Ki zo hayaniyarmu ta dame ki kaɗan, tana magani.

Yayanki, Dogo

Zuwa ga Dogo,

Bayan sallama. Auta ta karanta min takardarka, ta kuma faɗa min shirin da kuka ƙulla a kaina kamar ba na raye.

Ga hukuncina. Garinka ya fi. Ya fi rai, ya fi daɗin zama, ya fi mutane. Ka faɗa wa duk wanda ka ga dama cewa ni na faɗa.

Amma a garinka, idan ban sauko fili ba, wani zai zauna a gurbina kafin shayi ya huce. A nan kuwa idan na tafi, babu mai jin ƙarar makullinta idan ta dawo.

Ka taho da motar ranar hutun, kada ka fasa. Sai dai ka fara biyawa ta gida, tela zai buɗe maka. Ka ɗauko min akwatina, da rediyo, da kujerar mamanku. Ka zo da yaran su cika mana gidan nan da ihu, maƙwabta su san akwai mutane.

Auta na ta musu, tana cewa zan gaji da shiru. Na ce mata ni kurma ne.

Allah ya yi muku albarka.
Babanku