Tumakin Burul da Baƙin Tafki

Litinin, 12 ga Yuni

Na iso bakin tafkin Song-Kol, can saman duwatsu, da tumakina ɗari biyu. Shekara ta huɗu ke nan ina hawowa ba mijina marigayi Ermek. Facalata Saltanat ta riga ni, ta kafa wa 'yan yawon buɗe ido tantuna tara, daidai kan marmaron da dabbobina ke sha.

Laraba, 28 ga Yuni

Wani baƙo ya tashi ɗan jirgin nan na ɗaukar hoto a kan garken. Suka zaci mikiya ce, suka watse. Uku sun faɗa kwazazzabo, na yanka biyu da hannuna. Nurzat, tafintarsu, ta ce, "Inna, ya ce ki yi haƙuri." Na ce ya sauka ya faɗa wa 'ya'yan da ke kukan nono.

Juma'a, 7 ga Yuli

Wai baƙi na ƙorafin kashin tumaki. Saltanat ce ta kawo saƙon. "Yaya Burul, ki ɗan matsa da su sama mana." Na ce naman da kike dafa musu daga gajimare yake faɗowa? Ta yi dariya. Ni ban yi ba.

Lahadi, 23 ga Yuli

Dattawan makiyaya sun goyi bayanta. Na koma sama, unguwar kyarketai. Gwiwata sai ciwo.

Talata, 15 ga Agusta

Wata tsohuwar Baturiya ta hawo tana haki, Nurzat na bin ta. Na juya baya, na zaci hoto ne. Sai ta cafke tunkiyata mai ɗingishi, ta kayar da ita, ta karɓi wuƙata ta gyara kofaton tsaf. Hannunta kaushi kamar nawa. Ashe shekara arba'in ta yi tana kiwo a duwatsun ƙasarsu, can ma baƙi sun hana ta sakat.

Na zuba mata shayi. Na ce wa ta bar wa garken?  Ta ce ta sayar bara. Yanzu baƙi take saukewa a ɗakin da a da take tara ciyawa.

Asabar, 19 ga Agusta

Na sauka karɓo gishiri wurin Saltanat. Na tambaye ta inda take sayen gadajen nan na ƙarfe da baƙinta ke kwana a kai. Tambaya ce kawai.