Injin Malam Yahya da Na Suwaibatu

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025
Kwamitin makarantar al'umma ta Faskari sun kira ni daga Kankara. Kwamfutocin tebur goma za su sa a ɗakin da ɗalibai za su riƙa gwajin jarrabawar shiga jami'a, kuma mutum biyu sun kawo samfuri. Alhaji Mani, shugaban kwamitin, ya ce, "Malam Nata'ala, kai ne malamin kwamfuta. Ka gwada, abin da ka ce shi za mu bi."
Ɗaya Malam Yahya na Sabuwa ya haɗa. Mutumin da ya fara ɗora hannuna a kan sukurdireba, shekara goma sha tara ke nan. Ɗayan na Suwaibatu ne, wadda na koyar a aji huɗu, yanzu ta gama kwalejin fasaha ta buɗe shago a Faskari.
Da na sani da ban amsa ba.

Laraba, 9 ga Afrilu
Na kwance su duka biyun. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, ita ce bambancin. Ta Malam i7 ce, amma ta zamani na uku. Ta Suwaibatu i3, zamani na goma sha biyu. Sauran kayan na daidaita su, don kada a ce.
Aikin Malam tsaf. Kowace waya a ɗaure. Sai dai na ga noti biyu da ba su shige raminsu ba. Idonsa ne. Na gyara, ban gaya wa kowa ba.

Alhamis, 10 ga Afrilu
Malam ya yi waya. "Bakwai dai ta fi uku, ko an canza lissafi?" Ya yi dariya, na yi dariya.

Asabar, 12 ga Afrilu
Gwaji tun hantsi, cikin zafin nan. Kunnawa, buɗe manhajar jarrabawa, shafukan intanet ashirin a lokaci guda. Nan ba su yi nisa da juna ba, har na ji sanyi a raina. Sai na ba su bidiyon darasi guda su juya shi zuwa wani tsari. Ta Malam minti goma sha ɗaya. Ta Suwaibatu biyar da 'yan daƙiƙoƙi. Na sake. Na sake. Sau huɗu.
Zafi kuma: ta Malam ta haura digiri tamanin, fanka na ta kuka. Ɗayar ko saba'in ba ta kai ba. Kuma ta Malam ta fi shan wuta, ga shi makarantar da sola take aiki, batiran ba su da yawa. Injin goma irin na Malam, kafin la'asar wuta ta ƙare, an tashi.
Suwaibatu na tsaye bakin ƙofa duk tsawon lokacin. Da zan fita ta ce, "Malam, ko za a canza wa tasa man sanyaya furosesa a sake gwadawa? Ƙila ya bushe." An canza. Digiri shida ya ragu. Mintocin ba su motsa ba.

Lahadi, 13 ga Afrilu
Na rubuta rahoto iri biyu. A na farkon na bar maganar bidiyo da wuta, na ce duka za su yi. Ba ƙarya a ciki, kowace kalma gaskiya ce. Matata Hajaratu ta karanta a kan tabarma ta miƙo mani. Ta ce, "Ƙanenka Salahuddeen na cikin masu zaman ɗakin nan, ko ka manta?" Ban manta ba.

Litinin, 14 ga Afrilu
Ban je Faskari kai rahoton ba. Na ce kaina ke ciwo.

Laraba, 16 ga Afrilu
Sabuwa. Na ga bai kamata ya ji a bakin wani ba. Na iske shi a shago yana laluben wata tsohuwar madabod, allon cikin kwamfuta, da yatsu, tabarau biyu a fuska. Na durƙusa na gaishe shi, na yi ta zagaye-zagaye, ruwa, iyali, hanya.
Ya ce, "Karanto mani lambobin."
Na karanta. Ya sa na maimaita na bidiyon. Ana kiran sallar azahar daga masallacin kasuwa ya ɗago kai.
"Sau nawa ka gwada?"
Huɗu, na ce.
"To mi ya kawo ka? Kai masu takardarsu." Can kuma, a hankali: "Na daina ganin rubutun da ke jikin furosesa, Nata'ala. Sunan kawai nake riƙewa."
Ya rako ni har bakin titi, abin da bai taɓa yi ba. Na yi kuka a kan babur, tsakanin Sabuwa da gida. Allah Ya sa dai ban ci amanarsa ba.

Juma'a, 18 ga Afrilu
Na miƙa rahoto na biyu, wanda ban ɓoye komai a cikinsa ba. Alhaji Mani ya karanta ya ce Allah Ya yi albarka. Suwaibatu ta roƙi kwamitin a bar wa Malam aikin jan wayoyi da haɗa injinan da juna, ta ce ba wanda ya kai shi tsafta a nan, ita za ta riƙa duba mashi ƙananan rubutu. Ni ban yi tunanin haka ba. Ni da nake cewa ɗansa ne ni.

Talata, 22 ga Afrilu
An kunna goman yau, har la'asar ba wadda ta mutu. Malam na kujera a gefe yana ba da umarni, a ɗaure nan, a saki can. Kafin a tashi Suwaibatu ta tsaya gaban allo tana yi wa ɗalibai bayanin yadda ake gane zamanin furosesa daga lambarta, da dalilin da sabuwar ƙarama ke wuce tsohuwar babba. Na zauna a bencin baya, don dai in saurari ƙarar fankokin.
Shafi biyu na cika da bayaninta. Akwai wuri ɗaya da ban gane ba, gobe in na shigo Faskari zan biya shagonta.