Zaren da Na Aika a Ɓoye

Angwan Iya, Keffi
4 ga Maris, 1975

Yaya Hapsatu,

Assalamu alaikum. Ki yi haƙuri da na dame ki da wannan takarda, ga ki da ciwon ƙafa. Ina fata ya yi sauƙi, Malam da yara kuma suna lafiya. Mu ma lafiya lau, sai dai zuciyata.

Kin san aminiyata Zulaihatu, wadda muka yi saukar karatu tare. Da ta shiga takabar mijinta, na tarar da ita zaune tana kallon bango, ko magana ba ta so. Sai na sayi zare kala biyar da allura da farin yadi, na ba Jidda mai kawo mana nono daga Gitata, ta ajiye mata a bakin ɗaki. Na sa Jidda ta rantse ba za ta faɗi sunana ba, don an koya mana sadakar ɓoye ta fi lada.

Yaya, zaren nan ya tashe ta. Kafin ta fita takaba ta ɗinka zanen gado da wani irin ado, kamar ganyen rama yana hawa dangar kara. Ban taɓa ganin irinsa ba. Yanzu matan ma'aikata har layi suke yi a zaurenta.

To, ta ɗauka Filomina ce ta aiko mata da zaren, malamar asibitin nan maƙwabciyarta, don ita ma tana leƙa ta da lemo. Har ta sa wa adon suna "Hannun Filomina". Filomina ta ce wallahi ba ita ba ce, Zulaihatu ta ce ai kunya ce irin ta mutanen kirki. Ni ina zaune a gefen tabarma, ina murmushin dole. Shekara talatin muna tare, amma yanzu ko gishirin miya ta tuna sai ta kawo zancen Filomina.

Ranar Asabar za ta kai mata zanen farko, kuma ni ta zaɓa in miƙa. In faɗa, in zubar da ladana? Ko in yi shiru?

Ki gaida Malam.

Ƙanwarki,
Mairo

Angwan Iya, Keffi
12 ga Maris, 1975

Yaya Hapsatu,

Bayan gaisuwa da fatan ƙafa ta lafa, amsarki ba ta iso ba har Asabar ta wuce.

Na miƙa zanen da hannuna biyu. Filomina ta yi ta dariya, wai wannan kyauta ta fi ƙarfinta, ita da ko maɓalli ba ta iya ɗinkawa. Ba ta da laifi, Allah ya sani, amma dariyar ta sosa ni. Kafin in kama bakina na ce koren bai dace da jan ba. Koren da ni na zaɓa! Zulaihatu ta dube ni, ta ce Mairo tun muna yara ba kya iya yaba abin da ba naki ba. Mata suka kwashe da dariya. Maganar ta zo har leɓena, na haɗiye ta.

A hanyar gida Zulaihatu ta riƙe hannuna, ta ce in yafe mata, kuma zarenta ya kusa ƙarewa, tana jin nauyin tambayar Filomina inda ta samo shi. Jiya na sayi wani, har da koren. Na ba Jidda, na sake sa ta rantse. Ta ce Inna Mairo, rantsuwar nan ta fi ƙwaryar nono nauyi.

Zuciyata dai ba ta huce ba. Kuma sai da na zauna rubutu na lura: ai na riga na faɗa miki, ke. Ki tambayar mini Malam, ba tare da sunana ba, ko ladan yana nan ga wadda ta ɓoye alheri amma tana ƙuna don ba a gode mata ba.

Don Allah ki amsa mini da wuri.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Mairo